Baƙin itatuwa masu mamaya da bakteriyar da ke bin saiwarsu

"Malam, muna aikin sare wasu baƙin itatuwa da suka mamaye wani fili. Bayan mun sare su sai ciyawa ta rufe wurin, tsirran da muke fatan su dawo ba su dawo ba, su kuma itatuwan suka sake tsirowa fiye da da. Na ji an ce irin waɗannan itatuwa suna tafe da wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa waɗanda ke taimaka musu. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me zai hana a kashe bakteriyar a huta?"

Malam mai tambaya, abin da ka ji gaskiya ne, kuma abin da ka gani a filinku ya yi daidai da abin da aka gani a wurare da yawa na duniya. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko itace na iya yin hijira tare da ƙwayoyin da ke ciyar da shi, sannan ko waɗannan ƙwayoyi ne suka hana filin komawa yadda yake, kuma ko akwai hanyar yaƙar itacen ta ƙarƙashin ƙasa. Ba ka faɗi sunan itacen ba, don haka zan ɗauka ɗan dangin wake ne, wato mai zuba 'ya'yansa a cikin kwanso, domin a wannan dangi ne batun bakteriya ya fi ƙarfi. In ba daga cikinsu yake ba, wani sashe na bayanin ba zai shafe ka ba, kuma zan nuna maka yadda za ka tantance da kanka.

Yadda zaman yake tsakanin saiwa da bakteriya

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kuma babu tsiron da ke girma ba tare da naitirojin ba, amma tsiro ba ya iya ɗaukarta kai tsaye daga iska. Wasu bakteriya ne ke iya juya ta zuwa sinadarin da tsiro ke sha, daga cikinsu akwai waɗanda ake kira rizobiya. Masanan Jamus biyu, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka tabbatar a tsakanin 1886 da 1888 cewa 'yan gudajin da ke maƙale a saiwar dangin wake su ne wurin da wannan aiki ke gudana, kuma a 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar daga cikin gudajin ya rene ta ita kaɗai.

Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, amma ba ya farawa sai an yi gaisuwa an amsa. Saiwa tana zubar da wasu sinadarai cikin ƙasa, bakteriyar da ta gane su ta mayar da nata sinadarin, in saiwar ta yarda da amsar sai ɗan siririn gashinta ya naɗe ya rungumi bakteriyar, ta bi wata 'yar hanya zuwa ciki, saiwar ta gina mata gudajin da za ta zauna. Itace yana ba ta sukarin da ya haɗa da hasken rana, ita kuma tana ba shi naitirojin. Ba kowace rizobiya ce ke iya gaisawa da kowane itace ba, kuma a nan ne dukan tambayarka ta rataya.

Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Rizobiya ba ta zama a cikin iri yadda uwa za ta miƙa wa 'ya'yanta ita. Duk ƙwayar irin da ta tsiro dole ta nemo abokiyar zamanta daga cikin ƙasar da ta faɗa. Saboda haka itacen da aka kai wata nahiya yana iya tarar da ƙasar da babu mai jin yarensa a cikinta, sai ya tsaya a tsumbure, ganyensa ya yi rawaya. Wani babban nazari da aka fitar a 2017, wanda ya duba dubban nau'o'in dangin wake, ya nuna cewa waɗanda suka dogara da rizobiya sun fi shan wahalar kafuwa a sababbin yankuna a kan waɗanda ba su dogara da ita ba. Wato a asali dogaro da bakteriya ƙaidi ne ga baƙon itace. Mai mamaya shi ne wanda ya sami hanyar tsallake wannan ƙaidi.

Hanyoyin da suke tsallakewa

Hanya ta farko ita ce itacen ya ƙulla da rizobiyar da ya tarar, da ɗan gari akan ci gari. Wasu itatuwa ba su da tsirfa wajen zaɓen abokin zama, suna amsa gaisuwar nau'o'i da yawa. Prosopis juliflora, ɗan asalin nahiyar Amurka, yana cikin irin waɗannan, kuma a yankin Afar na Habasha kaɗai ya rufe fili fiye da hekta miliyan ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce wadda ka ji labarinta, wato itace da bakteriyarsa su sauka tare. Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga itatuwan Acacia na Ostareliya, waɗanda suke da nau'i wajen 1,000 a ƙasarsu, aka kuma kwashi wasu aka baza su a duniya a ƙarni na 19 da na 20. A Afirka ta Kudu an dasa Acacia saligna da Acacia cyclops don su danne rairayin da iska ke kwasa a kusa da Cape Town, an kuma dasa Acacia mearnsii saboda sinadarin jima da ke cikin ɓawonsa. A Fotugal an dasa Acacia longifolia a tuddan rairayin bakin teku. Duk waɗanda suka yi wannan dashe gyara suka nufa, kuma ina ganin ya kamata a riƙa tuna wannan, domin da irin wannan niyya ake ci gaba da yawo da itatuwa har yau. A 2010 Susana Rodríguez-Echeverría ta jami'ar Coimbra ta bincika ƙwayoyin gadon bakteriyar da ke cikin gudajin Acacia longifolia a Fotugal, ta tarar da cewa sashen da ke kula da ƙulla zama da saiwa ya yi kama da na Bradyrhizobium, wata irin rizobiya, na Ostareliya. A 2013 aka sami irin wannan sakamako game da Acacia pycnantha a Afirka ta Kudu. Haka kuma Mimosa pigra, ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu wanda ya cinye fadamu a arewacin Ostareliya, an same shi a can ɗauke da bakteriyar Burkholderia masu dangantaka da na ƙasarsa ta asali.

Yadda bakteriyar ke ƙetare teku ba wani abin mamaki ba ne. Ana kai dashe da ƙasarsa a gindi, ƙura tana maƙalewa a jikin iri da kwanso, wani lokaci kuma da gangan ake ɗebo ƙasa ko a shafa wa iri bakteriya don dashe ya kama. Tun 1896 ake sayar da rizobiya a matsayin haja a Jamus, kuma kafin nan manoma sun saba ɗibar ƙasa daga gonar da amfani ya yi kyau su watsa a sabuwa. Tarihin itatuwan fayin (pine), masu ganye kamar allura, ma haka yake, sai dai su abokan zamansu fungas ne, wato dangin naman kaza: a wurare da dama na kudancin duniya dashensu ya ƙi kamawa sai da aka shigo da ƙasa mai ɗauke da fungas ɗin, kuma a yau wasunsu sun zama annoba a Niyuzilan da Ajantina da Afirka ta Kudu.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Umarnin da ke sa bakteriya ta iya ƙulla zama da wata saiwa yana tattare ne a wani yanki na ƙwayoyin gadonta wanda ke iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. An ga wannan ƙuru-ƙuru a Niyuzilan, inda aka shuka ciyawar kiwo Lotus corniculatus da nau'in bakteriya ɗaya tak, bayan shekara bakwai aka dawo aka tarar da gudajinta cike da bakteriyar gida iri-iri waɗanda da can ba su iya wannan aiki ba, kowace tana ɗauke da yankin nan da ta karɓa daga baƙuwar. An wallafa wannan a 1995. Ma'anarsa ita ce ko da baƙuwar bakteriyar ba ta jure wa sabuwar ƙasa ba, tana iya barin makullinta a hannun 'yan gida da suka saba da zafi da sanyi da tsamin wurin, su kuma su ci gaba da yi wa baƙon itace hidima.

Abin da ke faruwa da ƙasar

Yanzu ga abin da ya shafi filinku. Itacen da ke da rizobiya yana zubar da ganye mai yawan naitirojin shekara bayan shekara, ganyen ya ruɓe, ƙasa ta yi ƙarfi. A gona wannan alheri ne. A dajin da tsirransa suka yi dubban shekaru suna sabawa da ƙasa mara taki kuwa, ɓarna ce babba. Misali mafi bayyana shi ne ciyayin fynbos na kudancin Afirka ta Kudu. Yankin yana da nau'in tsirrai wajen 9,000, kusan kashi biyu cikin uku ba a samunsu a ko'ina sai can, kuma yawancinsu masu girma a hankali ne, masu tattalin ɗan abin da suka samu. Da zarar Acacia saligna ta ƙara wa ƙasar naitirojin, ciyayi masu saurin tashi su ne ke cin moriyar, su yi wa tsirran asali inuwa tun suna ƙanana. Bincike a can ya nuna cewa sauyin da itacen ya bari a ƙasa yana iya kaiwa shekara goma bayan an sare shi. Ciyawar da ta rufe filinku tana cin gadon da itacen ya bari ne.

An ga irin wannan a Hawai da wata bakteriya daban mai suna Frankia, wadda ke zama a saiwar itatuwan da ba dangin wake ba. Morella faya ɗan tsibiran Azores da Madeira da Canary ne, baƙi 'yan Fotugal suka kai shi Hawai a ƙarshen ƙarni na 19. Peter Vitousek da abokan aikinsa sun nuna a 1987 cewa a sabuwar ƙasar tokar dutse mai aman wuta, inda naitirojin ke da ƙaranci ƙwarai, zuwan wannan itace ya ninka yawan naitirojin da ke shiga ƙasa kusan sau huɗu. Nau'in itace ɗaya ya sauya ƙa'idar da dajin ke tafiya a kanta.

Ɓarnar ba ta tsaya ga taki ba. A binciken Fotugal an tarar da bakteriyar Ostareliya ta shiga har cikin gudajin tsirran gida na dangin wake, irin su Ulex europaeus da Cytisus grandiflorus, kuma gwajin da ya biyo baya a 2012 ya nuna cewa waɗannan tsirrai ba sa samun amfani daga baƙuwar kamar yadda suke samu daga tasu. Ka lura da yadda abin ke juyawa: itace ya yawaita, gudajinsa su ruɓe su cika ƙasa da bakteriyarsa, 'ya'yansa su tsiro su tarar da abokiyar zama a shirye, tsiron gida kuma ya miƙa saiwa ya ci karo da wadda za ta ci sukarinsa ta ba shi abu kaɗan. Wannan ya fi damuna a kan tsayin itacen ko kaurinsa, domin ba a ganinsa, kuma gatari ba ya kai gare shi.

Duk da haka kada a ɗora wa bakteriya laifin da ya fi nata. Wani nazari da aka yi a Afirka ta Kudu a 2017 ya kwatanta itatuwan Acacia da suka bazu sosai da waɗanda suka tsaya inda aka dasa su, ya tarar da cewa kusan rizobiya iri ɗaya suke amfani da ita. Ke nan bakteriya tana buɗe ƙofa, amma yawan dashen da aka yi, da yawan iri, da wuta, da rashin ƙwarin da ke cin itacen a ƙasarsa, su ne ke sa wani ya mamaye wani ya tsaya. Akwai ma 'yan dangin wake da ba sa yin gudaji sam, kamar Parkinsonia aculeata, kuma hakan bai hana shi mamaye filayen kiwo a Ostareliya ba. Sake tsirowar da ka gani kuwa, mafi yawanta daga rumbun iri ne da ke kwance a ƙasa. A ƙarƙashin tsohuwar Acacia saligna ana samun dubban iri a murabba'in mita ɗaya, ɓawonsu mai tauri ne, suna yin shekaru masu yawa da ransu, kuma zafin wuta yana fasa ɓawon su tsiro gaba ɗaya.

Yadda za ka duba da kanka

A aikina, abin da nake fara yi a duk filin da aka kira ni shi ne tono ƙaramin dashe da ƙasarsa gaba ɗaya, ba fizgewa ba, domin in ka fizge gudajin suna tsinkewa su zauna a rami. Nakan tsoma gindin cikin bokitin ruwa in girgiza a hankali har ƙasar ta saki. Gudajin Acacia yakan zama dogo-dogo, wani lokaci da rassa, yana maƙale a gefen saiwa, kuma yana ɓallewa in ka tura shi da farce. Wannan ne ke bambanta shi da kumburin da tsutsar ƙasa ke haddasawa, wanda shi saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa. Sai in tsaga gudajin da reza. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki na tafiya, domin wannan launi na wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, wanda ke riƙe oksijin don kada ta lalata aikin bakteriyar. In fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna ko kuma bakteriyar ba ta aikin kirki. In kore ne ko baƙi-baƙi, ya tsufa.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da nake yawan ba da shawararsa. Ka ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin itatuwan, ka ɗebo wata daga gefen da ba su kai ba, ka shuka tsiron gida ɗan dangin wake a tukwane daban-daban, ka bar su wata biyu ko uku, sannan ka kwatanta tsayi da launin ganye da gudajinsu. Wannan zai nuna maka ko ƙasar ta sauya. Iyakarsa ita ce ba zai raba maka aikin bakteriya da aikin taki ko na gubar da ganyen baƙon itacen ke iya bari a ƙasa ba, kuma ido ba ya gane asalin bakteriya. Gudajin da baƙuwa ta gina da wanda 'yar gida ta gina kamarsu ɗaya, sai an kai ɗakin gwaje-gwaje an karanta ƙwayoyin gadonsu.

Batun kashe bakteriyar

A nan amsata ita ce a'a, kuma ina roƙonka kada ka gwada. Babu maganin da zai zaɓi baƙuwar rizobiya ya bar sauran. Cokali ɗaya na ƙasa yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi, kuma duk abin da ka zuba don kashe ɗaya zai tafi da masu ruɓar da ganye da fungas ɗin da tsirran gida ke dogara da su. Rizobiya kuma tana rayuwa a ƙasa shekaru ba tare da itace ba, ruwa da ƙura da kofaton dabbobi za su dawo da ita daga gefe, kuma in makullin nan ya riga ya shiga hannun bakteriyar gida, babu ma wata baƙuwa da za ka nuna ka ce ita za a kashe. Zuba takin zamani yana rage yin gudaji, gaskiya ne, amma yana ba itacen kyauta abin da da sai ya saya da sukarinsa, yana kuma ƙara wa ciyawar da ta dame ka ƙarfi.

Abin da ke aiki ya fi wannan wahala da jinkiri. Ka fara da 'yan itatuwan da suka yi nisa da babban kurmin, domin a can ƙasa ba ta riga ta sauya ba, kuma kowane ɗayansu yana kafa sabon sansanin bakteriya ne. Inda kurmin ya daɗe, sarewa kaɗai ba ta isa, sai an kwashe tarin busasshen ganyen da ke ƙasa, wanda ke riƙe da naitirojin da iri masu yawa. Wasu suna watsa garin katako don ƙwayoyin ƙasa su kulle naitirojin a jikinsu, yana taimakawa na ɗan lokaci amma ba ya ɗorewa. Dole a dawo kowace damina a tuge sababbin tsiro tun ba su yi fure ba, kuma a shuka tsirran gida da hannu maimakon a jira su dawo da kansu. Shirin Working for Water da Afirka ta Kudu ta fara a 1995 ya nuna cewa filin da aka sare aka tafi ba a waiwaya ba, komawa yake yi. A can sun kuma rage yawan iri ta hanyar shigo da maƙiyan itatuwan daga Ostareliya bayan dogon gwaji: wani ɗan ƙwaro mai sa furen Acacia longifolia ya zama kumburi an sake shi a 1982, fungas mai kama Acacia saligna kuma a 1987, Fotugal ma ta saki ƙwaron a 2015. Wannan aikin hukuma ne, ba abin da ƙungiya ko mutum ɗaya zai yi da kansa ba.

Idan tsirran da za ku mayar 'yan dangin wake ne, ku rene su a tukwane da 'yar ƙasar da aka ɗebo daga gindin 'yan uwansu a wurin da mamayar ba ta kai ba, don su tafi fili da gudajinsu a ƙulle. Ku ɗebi kaɗan, daga wuri mai kusa da filin, kada ku yi amfani da hajar rizobiya da aka yi don amfanin gona sai wanda ya san aikin ya tabbatar muku ta dace. Ƙasar da ke ƙarƙashin baƙin itatuwan kuwa kada ta shiga ledar dashe ko kaɗan duk da kyanta da baƙinta, kuma a wanke fartanya da takalma da tayar mota kafin a tashi daga filin da aka mamaye zuwa wanda ke da lafiya.